Kafin ɗan mishan ya tare a ƙauyen kurmi: wa ake shiryawa, baƙo ko masu gari?

A Papuwa Niyu Gini, ƙasar nan ta tsibirai da ke arewa da Ostireliya, har gobe akwai ƙauyukan da tayar mota ba ta taɓa takawa ba. Wasu suna can bisa tsaunukan da hazo ke lulluɓewa tun kafin azahar, wasu suna cikin fadamun kogin Sepik inda ba a shiga sai da kwalekwale. Harsunan ƙasar sun haura 800, babu ƙasar da ta kamo ƙafarta a duniya, kuma da yawansu masu jin su ba su wuce ɗaruruwa ko 'yan dubbai ba. A irin waɗannan ƙauyuka ne wasu iyalai Kiristoci daga Amurka, Kanada, Jamus da Birtaniya suke zuwa su tare, miji da mata da ƙananan yara, da niyyar zaman shekara 15 ko 20.

Daga ranar da matashi ya miƙe a coci ya ce ya ji kira, zuwa ranar da jirgi mai saukar ungulu zai dire shi da iyalinsa a tsakiyar kurmi, akan ɗauki shekara biyar ko shida, wani lokaci fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mutanen nan sun riƙe wannan magana da gaske. Akwai abin yabo a shirin nasu wanda ba a cika faɗa ba. Amma duk wanda ya bi shi daki-daki zai lura cewa kusan dukkansa baƙon ake shiryawa: yadda zai rayu, yadda zai ji magana, yadda za a ji tasa. Masu garin, waɗanda rayuwarsu ce za ta fi juyawa, babu makarantar da ke shirya su.

Ƙungiyar da ta fi yin suna a wannan aiki ita ce Ethnos360, wadda aka sani da New Tribes Mission har zuwa 2017. Wani Ba'amurke mai suna Paul Fleming ne ya kafa ta tare da abokansa a 1942, bayan zazzaɓin cizon sauro ya koro shi daga Malaya, wato yankin Malesiya ta yau. Da asarar rayuka ta fara. Ayarinta na farko ya nufi Bolibiya, kuma ba a rufa shekara biyu ba maza biyar daga cikinsu suka kutsa daji neman ƙabilar Ayore, ba a sake ganinsu ba, sai daga baya aka tabbatar kashe su aka yi. Shi kansa Fleming ya mutu a 1950 lokacin da jirgin ƙungiyar ya daki wani dutse a jihar Wayomin da mutum 21 a cikinsa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin tsawon horon da suke ba mutanensu yau ba.

Horon yakan fara da shekara biyu na karatun Littafi Mai Tsarki a makarantarsu da ke jihar Wiskonsin. Daga nan sai cibiyar horo a jihar Misuri, inda karatun yake sauya kama gaba ɗaya. A nan ake koya wa mutum yadda zai saurari sautin da kunnensa bai taɓa ji ba ya rubuta shi daidai, yadda zai gano nahawun harshen da ba shi da littafi ko ɗaya, yadda zai haɗa sola da batir, ya tace ruwan sha, ya ɗinke rauni, ya gane zazzaɓin da zai iya jira da wanda ba zai jira ba. A wasu cibiyoyin akan fitar da ɗalibai daji na wasu makonni, kowane iyali ya kafa bukkarsa da itace da leda, ya gina murhun ƙasa, ya zauna ba wutar lantarki. Wasu a nan suke gane cewa ba za su iya ba, kuma gara su gane a Misuri da su gane a bakin kogin Sepik.

Sai maganar kuɗi, wadda take da tasirin da ba a cika lura da shi ba. Ƙungiyar ba ta biyan albashi. Kowane iyali zai bi coci-coci, gida-gida, yana bayanin inda za shi, har ya tara mutanen da za su yi alkawarin ba da wani abu duk wata. Wannan kaɗai kan ci shekara guda ko biyu. Bayan sun tafi kuma dole su riƙa aiko da wasiƙar labari ga masu tallafa musu. A ganina nan ne wata matsala take samo tushe. Mai rubuta wasiƙar ya san abin da ke motsa zuciyar mai karatu a can gida, wato labarin duhu, tsoron aljanu, mutanen da ba su taɓa ji ba. Ba lallai ƙarya yake yi ba, amma ƙauyen da ke cikin wasiƙar yakan fi na gaskiya baƙi. Manomin da ya san irin dankali iri-iri da ƙasar da kowanne yake so, dattijon da ya haddace zuriyar gari kaka da kakanni, matar da ta iya sasanta dangi biyu da suka zare makamai, ba su cika samun gurbi a irin wannan wasiƙa ba. Su kuma mutanen garin ba su san me ake rubutawa a kansu ba.

Idan iyali suka sauka ƙasar, ba daji ake wucewa da su kai tsaye ba. Sukan zauna a wata cibiya, irin ta Lapilo kusa da garin Goroka, su koyi Tok Pisin, harshen kasuwa da ya haɗa yawancin ƙasar. Daga baya a tura su su zauna na ɗan lokaci a wani ƙauye da aka riga aka yi aiki, su ga yadda abin yake. A wannan tsakani ne ake haɗa ayari, galibi iyali biyu ko uku, wani lokaci da mace mara aure. Tsofaffin 'yan mishan sukan ce abin da ya fi mayar da mutane gida ba maciji ba ne, ba zazzaɓi ba ne, saɓani ne da abokan aiki. Iyali uku da ba dangin juna ba, gidajensu na kallon juna, babu wani mai jin harshensu sai su kaɗai, shekara da shekaru. Yadda wannan take tarbiyyar 'ya'yanta ko yadda wancan yake kashe kuɗi kan iya zama abin da zai rusa aikin shekara goma.

Wane ƙauye za a je? Akan fara tura 'yan bincike su zagaya, su ƙiyasta yawan mutane, su tattara jerin kalmomi don a gane ko harshe ɗaya ne ko karin harshe da yawa, su duba inda jirgi zai iya sauka. Ƙungiyar takan kuma nuna wasiƙun da wasu ƙauyuka suka rubuto cikin Tok Pisin suna roƙon a turo musu ɗan mishan, wasu har sun yi shekaru suna jira. Wasiƙun na gaske ne, kuma bai kamata a raina su ba. Amma sai a tambaya, me masu wasiƙar suke nema? Ƙidayar jama'a ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar suna kiran kansu Kiristoci. 'Yan Katolika da 'yan Lutheran sun shigo tun ƙarni na 19, kuma a ƙauyuka da yawa akwai ɗan ɗakin sujada tun kafin sabbin baƙin su iso. Su Ethnos360 suna cewa wannan Kiristanci na fatar baki ne, an cakuɗa shi da bautar kakanni domin ba a taɓa bayyana shi cikin harshen uwa ba. Tsofaffin majami'un ba su yarda da wannan hukunci ba, kuma akwai wuraren da zuwan sabon mishan ya raba gari gida biyu.

Ban da haka, mutanen ƙauye ba yara ba ne, sun iya lissafi. Sun ga maƙwabtansu da suka sami mishan sun sami filin jirgi, sun sami maganin zazzaɓi, 'ya'yansu sun iya karatu, mace mai naƙuda da ta galabaita an ɗauke ta zuwa asibiti. A wurin da gwamnati ba ta taɓa aiko ko da malamin asibiti ba, neman ɗan mishan neman ci gaba ne. Akwai kuma wani tsohon imani da ya yi ƙarfi a yankin, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutane suka ga jiragen ruwa da na sama suna sauke kaya tuli ga Turawan da ba a taɓa ganin sun yi noma ba. Sai aka fassara abin da cewa kayan daga kakanni suke fitowa, Turawa ne suka riƙe asirin hanyarsu. A yankin Madang an yi manyan ƙungiyoyi a kan wannan fahimta. Don haka idan baƙo ya ce ya zo da saƙo mai muhimmanci amma ba zai faɗa ba sai ya iya harshe, wasu masu sauraro sukan ɗauka asirin kayan ne zai tona. Masu horo sun san da wannan, kuma suna gargaɗin ɗalibansu su faɗi abin da suka zo yi ƙarara tun a taron farko: za mu koyi harshenku, mu koya muku karatu, mu fassara maganar Allah, mu koyar da ita, ba mu zo da kanti ko kamfani ba. Faɗin yana da kyau. Sai dai ana faɗinsa ne cikin Tok Pisin, ta bakin tafinta, ga mutanen da ba su da hanyar sanin yadda garinsu zai koma bayan shekara 20.

A wannan taron ne kuma ake maganar fili. Kusan kashi 97 cikin 100 na ƙasar Papuwa Niyu Gini ƙasar gado ce, ta dangi, ba ta gwamnati ba, ba ta mutum ɗaya ba. Babu maigari guda da zai ce na ba ku a wuce wurin. Dole a gano wane dangi ne ke da tudun da za a yi gini, wane ne ke da itatuwan da za a sare, wane ne ke da rafin da za a ja ruwa. Wanda ya yi gaggawa ya biya mutumin da bai dace ba ya sayi rigimar da za ta bi shi har ya bar garin. Kuma duk dangin da gidan mishan ya zauna a filinsu sun sami fifiko: su za a fara ɗauka aikin gini, su ne kusa da magani, karin harshensu ne zai shiga littafi ya zama daidaitacce. Baƙon bai yi niyyar shiga siyasar gari ba, amma tun ranar da ya kafa turken farko ya riga ya shiga.

Ginin kansa wata biyu ne zuwa shida. Maza sukan riga iyali zuwa da injin yanka katako, a sare itace a tsaga shi nan take. Kwanon rufi, ƙusa, tankin tara ruwan sama, faifan sola da batura, duk jirgi ne ke kawo su, kuma kowane kilo da kuɗinsa. Gidan akan ɗaga shi bisa turaku, a sa masa ragar sauro, a ware ɗakin karatun yara da ɗan ofis. A Amurka gidan talaka ne, a ƙauyen kuwa babu kamarsa. An daɗe ana gardama a tsakanin 'yan mishan a kan wannan. Wasu suna cewa wanda ya zo da saƙon tawali'u bai kamata ya fi kowa gida ba. Wasu suna amsawa da cewa iyalin da suka kwana a bukka suna shaƙar hayaki ba za su yi shekara biyu ba, balle 20. Ni ina ganin na biyun sun fi gaskiya, amma gaskiyar tasu ba ta kawar da nauyin ba. A al'adar ƙasar, wanda yake da shi dole ya ba ɗan'uwansa, kuma ta bayarwa da karɓa ake ƙulla zumunci. Kullum za a zo ƙofa neman gishiri, ashana, ƙugiyar kamun kifi, batirin tocila. Idan ya hana, ya zama marowaci, wanda ba a jin maganarsa. Idan ya bayar ba lissafi, ya zama kanti, kuma ya tabbatar da zaton masu jiran kaya. Yawanci sukan koma musaya, a kawo gwaza ko ayaba a karɓi gishiri.

Sai babban aikin, wanda shi ne ainihin abin da ya bambanta wannan tsari da na masu zuwa wa'azin mako guda su yi hoto su tafi. Ɗan mishan ba zai buɗe baki ya yi wa'azi ba sai ya iya harshen, kuma ba shi ne zai yanke hukuncin ya iya ba. Masu duba aiki ne za su riƙa zuwa lokaci-lokaci su gwada shi a gaban 'yan gari. Yakan fara da nuna abu da yatsa yana tambayar sunansa. Masanin harshe Kenneth Pike, na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wadda ke da cibiya a garin Ukarumpa na ƙasar tun 1956, ya yi suna wajen nuna yadda ake haka: a kawo masa mutumin da bai taɓa jin harshensa ba, ya ɗauki ganye da sanda da dutse, kafin awa guda ya cika allo da tsarin harshen. Amma daga sunan ganye zuwa iya bayyana abin da ke zuciya tafiya ce mai nisa. Akan yi shekara biyu zuwa huɗu ana wannan, awa bakwai ko takwas a yini. Mutum ya bi su gona, ya bi su farauta, ya zauna zaman makoki, ya naɗi hira ya dawo ya rubuta ta kalma-kalma. Mutumin da ya yi digiri ya koma ana yi masa dariya kamar yaron goye, yara ƙanana suna gyara masa magana. Duk abin da mutum zai ce game da manufarsu, wannan ƙanƙan da kai ne na gaske, kuma harsuna da dama ba su da wani rubutu a duniya sai wanda irin waɗannan mutane suka bari.

Shekarun shirun nan suna da nasu ciwon. A sassa da yawa na ƙasar ba a yarda mutum yana mutuwa haka kawai ba, sai an nemi wanda ya ci shi, kuma sau da yawa mace ce mara gata ake nunawa. Mai karatu Bahaushe ya san zargin maita da abin da yake jawowa. A 2013 an ƙona wata matashiya da ranta a bainar jama'a a garin Mount Hagen bisa wannan zargi, abin da ya sa majalisar ƙasar ta soke dokar maita ta 1971 a shekarar. To, ɗan mishan da aka ce masa kai ɗalibi ne, ka saurara, kada ka yi hukunci tukuna, me zai yi ranar da aka kama maƙwabciyarsa? Idan ya sa baki da harshen da bai nuna ba, zai iya ƙara dagula lamarin. Idan ya yi shiru, da wane ido zai dubi 'ya'yanta ranar da zai fara wa'azin ƙauna? Haka ma magani: ya ba mara lafiya ƙwaya, mara lafiyan ya cika, dangi suna iya cewa a biya diyya. Babu darasin Misuri da ke warware wannan.

Idan an ce ya iya, sai a tsara haruffa, a buɗe ajin yaƙi da jahilci, sannan a fara koyarwa. Ba da labarin Yesu ake farawa ba. Wani ɗan Ostireliya, Trevor McIlwain, da ya yi aiki cikin mutanen Palawano a Filifin, ya tarar da jama'a masu amsa sunan Kirista amma ba su fahimci abin da suka karɓa ba, sai ya koma farko, daga halittar duniya, Adamu, Nuhu, Ibrahim, Musa, bi da bi har zuwa gicciye. Wannan tsari ne ƙungiyar ta runguma. Akan tara gari kusan kullum na tsawon wata biyu zuwa huɗu. Bayan haka sai fassarar Sabon Alkawari, wadda kan ci shekara goma ko fiye, da horar da dattawan ikilisiya daga cikin 'yan gari.

Mu a arewacin Najeriya wannan labari ba baƙo ba ne, kuma tarihinmu yana haska ɓangarori biyu na maganar. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Sudan, sunan da ake kiran yankin kudu da Sahara, har da arewacin Najeriya, a lokacin, ba harshe, ba magani, ba ƙungiyar kirki a bayansu. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham sai a yunƙuri na uku aka sami kafa tasha a Patigi a 1902, kuma daga nan ƙungiyar mishan ta SIM ta tsiro, uwar ECWA ta yau. Ayarin Bishop Tugwell na cocin Anglikan kuwa ya yi shiri, domin Dakta Walter Miller da abokansa sai da suka je Tarabulus suka koyi Hausa wurin Hausawan can. Amma da suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su bar masa gari cikin 'yan kwanaki, suka kuma fita. Sun iya harshe, abin da ba su nema ba shi ne izini. Bambancin Kano da ƙauyen kurmi shi ne Kano tana da sarki, da malamai, da ganuwa, da ƙarfin cewa a'a a kuma ji. Ƙauyen mutum 600 a bayan tsauni ba shi da wannan ƙarfi, shi ya sa nauyin tabbatar da yardarsu yake kan mai zuwa.

Ɗaya darasin na harshe ne. Da Turawan mulki suka taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, sai 'yan mishan suka karkata zuwa Filato, kudancin Zariya da Adamawa: ƙungiyar mishan ta SUM a Wase a 1904, 'yan Brethren a Garkiɗa a 1923. Da suka tarar da harsuna barkatai, da yawansu suka zaɓi gajeriyar hanya, suka yi aiki da Hausa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Abin ya yi sauri, ya kuma haɗa ƙabilu da yawa a sujada ɗaya. Amma an wayi gari jikokin wasu ƙabilu suna addu'a da waƙa da Hausa, harshen kakanninsu yana ja da baya, har yanzu ana ta ƙoƙarin fassara cikin waɗannan harsuna daga Jos. Masu nacewa sai an koyi harshen ƙauye a Niyu Gini, maimakon a tsaya ga Tok Pisin, irin wannan suke gudu, kuma a nan ina ganin sun yi daidai.

Inda ba za a yi musu sassauci ba shi ne maganar cututtuka da kuma mutanen da ba su nemi kowa ba. Yawancin ƙauyukan Niyu Gini sun daɗe da cuɗanya da duniya. Amma a kurmin Amazon akwai al'ummomin da mura ko ƙyanda kan iya share rabinsu, domin jikinsu bai san su ba. Reshen New Tribes na Birazil ya kafa tasha kusa da mutanen Zo'e, ya haɗu da su a 1987, mutane da dama suka mutu da cututtuka a waɗannan shekaru, kuma hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta fitar da 'yan mishan daga wurin a 1991. A Ekwado, bayan 'yan ƙabilar Waorani sun kashe ɗan mishan Jim Elliot da abokansa huɗu a Janairun 1956, matarsa Elisabeth da Rachel Saint, 'yar'uwar matuƙin jirginsu, sun koma sun zauna cikin waɗanda suka yi kisan a 1958. Jarumta ce da yafiya da ba a musu, kuma kashe-kashen ramuwa da ke cinye ƙabilar sun ragu ƙwarai. Amma tattara su wuri ɗaya da aka yi ya buɗe ƙofa ga annobar shan inna a 1969, ya kuma bar dajinsu fili ga kamfanonin mai. A Nuwamban 2018 wani matashi Ba'amurke ɗan shekara 26, John Allen Chau, ya biya masunta suka kai shi tsibirin Sentinel ta Arewa, wanda dokar Indiya ta hana kusanta. Ya yi horo, ya yi rigakafi, ya san haɗarin. Mutanen tsibirin sun harbe shi da kibiya a ɗaya daga cikin zuwansa, kibiyar ta sami littafin da ke hannunsa, ya tsira, ya sake komawa, suka kashe shi. Masuntan da suka kai shi su aka kama. Mutanen tsibirin sun ba da amsa da harshen da kowa ke ji, kuma duk tsawon shirinsa bai koya masa karɓar wannan amsa ba.

Akwai wasu kuma da ba a tambaya, su ne 'ya'yan 'yan mishan ɗin. A da akan tura su makarantar kwana tun suna shekara shida ko bakwai don iyaye su sami sukunin aiki. A 2010 wani bincike da New Tribes ta sa aka yi ya tabbatar da cin zarafin yara da dama a makarantarta ta Fanda a Senegal, cikin shekarun 1980 da 1990, da kuma yadda shugabanni suka rufe maganar don kada aiki ya tsaya. Yau yawancin iyaye a gida suke koyar da ƙananansu, wanda ke nufin uwa tana koyarwa da safe, tana koyon harshe da yamma, tana kuma dafa komai daga tushe. Yaran sukan tashi suna jin harshen garin fiye da iyayensu, abokansu duk 'yan garin ne, sai a shekara 18 a mayar da su wata ƙasa a ce musu nan ne gida.

Tsarin ya tanadi ranar tafiya tun daga farko. Idan aka naɗa dattawa, aka miƙa Sabon Alkawari, sai baƙin su janye, su riƙa leƙowa jefi-jefi. Ikilisiyoyi da yawa sun tsaya da ƙafarsu, har suna tura nasu masu bishara zuwa maƙwabta, a ƙasa, ba jirgi ba sola, kamar yadda masu bishara 'yan tsibiran Fasifik suka yi a gaɓar ƙasar tun farkon shekarun 1870, da yawansu zazzaɓi ya kashe su. Abin da bai cika tsayawa ba shi ne sauran abubuwan da aka saba da su. Akwatin magani yakan ƙare. Rediyon kiran jirgi yakan lalace, mai gyara ya tafi. Filin jirgin da gari ya yi shekaru yana haƙa da hannu yana buƙatar a yanke ciyawarsa, a gyara magudanan ruwansa, in ba haka ba matuƙa su daina sauka, shi ya sa har aka kafa wata hukuma ta musamman a ƙasar don kula da filayen jiragen karkara. Jiragen ƙungiyoyin mishan masu jigila ta sama irin su MAF suna ci gaba da zuwa inda fili yake da kyau, amma jigilar da a da kuɗin masu tallafa wa mishan ke jawowa, yanzu sai garin ya nemi abin biya daga buhunan kofi ko gyaɗar da yake aikawa kasuwa. Wannan lissafi ne da ya kamata a baje shi a gaban dangi tun a taron farko na maganar fili, kafin a sare itace ko ɗaya.